Gejin man Marsandi 230E ya kafe a kwata alhali tanki ba ko ɗigo: dole sai an sauke tanki?

Abban Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin masu tsofaffin Marsandi. Motar 230E ce ƙirar 1983, irin wadda ake ce wa Regular, ta marigayi mahaifinmu ce, yanzu tana hannuna. Inji lafiya, giya lafiya, gejin mai ne ya hana ni sakat. In mai ya haura rabi allura tana nuna daidai. Da ya sauko ƙasa da rabi sai ta fara rawa, in ta zo kwata kuma sai ta kafe, ba ta ƙara motsi. 'Yar fitilar rizab ma, mai nuna mai ya kusa ƙarewa, ta daina kamawa. Ranar Juma'a motar ta mutu mini a hanyar Zariya, gaba kaɗan da Kwanar Ɗangora, ga iyali a ciki, allura na kan kwata, tanki kuwa ƙaf. Bakanikena ya ce sai an sauke tanki an kai wa mai walda ya buɗe shi. Maganar ba ta kwanta mini ba. Me kuka gani?

Baba Direba:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta. Ɗana, ko da wasa kada ka bari a kusanci tankin nan da wuta. Shi wannan bakaniken naka da alama bai taɓa kwance Regular ba. Tankinta ba a ƙarƙashi yake ba, a tsaye yake a bayan kujerar baya, tsakaninta da but. Fulot ɗin kuma, wato abin da ke auna mai a cikin tanki ya aika wa geji, ta sama ake zaro shi. Duba kantar da ke ƙarƙashin gilashin baya, akwai 'yar ma'ajiyar akwatin magani. Ɗauke akwatin, ka kwance ma'ajiyar, za ka ga kan fulot ɗin yana kallonka da soket ɗin wayarsa. Aikin da ba zai ci maka rabin wuni ba.

Amma ni ban taɓa dogara da geji ba. In na sha mai sai in mayar da ƙaramar mita sifili, in na ci kilomita kaza na san lokacin komawa gidan mai ya yi.

Usta Riwaya:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma mitar kilomita ta Regular ita ma ai tana da nata ciwon. Haƙorin da ke juya lambobin yana sakin sandarsa, sai ka ga mota na gudu lamba na tsaye. In ya bi taka zai sake kwana a Kwanar Ɗangora.

Abban Hanif, kada ka sayi komai tukuna. Rabin motocin da ake kawo mini da kukan geji ba fulot ba ne. Fara da fis. Fis ɗin motocin nan masu tsini biyu ne, bakinsu yana yin tsatsa, ka jujjuya su a mazauninsu ka goge. Daga nan kunna makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka kunna fitilun waje, ka kalli allurar mai da ta zafi. In duka biyun suka yi tsalle tare, wayar bodi ce (negatif, wadda ke haɗe da jikin mota) ta bayan dashbod ta saki, fulot ba shi da laifi. In ba su motsa ba, je baya ka zare soket ɗin kan fulot. Allura za ta faɗi ƙasa warwas. Sai ka ɗauki guntuwar waya ka haɗa ramin wayar geji da ramin waya mai ruwan ƙasa, don a motar Jamus ruwan ƙasa ita ce bodi. Allura ta tashi ta nufi cike. Taɓawa kawai za ka yi ka saki. In ta yi wannan hawa da saukar, geji da waya sun fita, saura fulot.

Sadik Turbo:
Ni a ganina ɓata lokaci ne. Ai famfon mai da fulot a haɗe suke, a canza su gaba ɗaya a huta. Ko kuma ya sayi irin fulot ɗin nan da ake tallarsa a intanet, wai yana shiga kowace mota.

Injiniyan Jos:
Sadik, a motocin zamaninku ne famfo yake zama cikin tanki tare da fulot. A 230E famfon lantarki ne, yana ƙarƙashin mota wajen tayoyin baya, ba abin da ya haɗa shi da geji. A Marsandi 200 mai kafireta ma a jikin inji yake.

Batun fulot mai shiga kowace mota kuwa, babu shi. Geji ba lita yake aunawa ba, turjiyar wuta yake karantawa, wadda ake aunawa da ohm, kuma kowane gida da nasa lissafin. Tsofaffin motocin GM na Amurka daga 1965, ohm 0 ne in tanki babu komai, 90 in ya cika. Ford na da, 73 in babu, 10 in ya cika. Akwai mai 240 zuwa 33, akwai na kamfanin VDO mai 10 zuwa 180. Ka lura wasu lambarsu hawa take yi in mai ya ƙaru, wasu sauka. Na Regular mai sauka ne: in tanki ya cika kusan sifili, in ya ƙare ya haura hamsin. Ka ɗaura mata mai 10 zuwa 180, ranar da ka cika tanki allura za ta kwanta, ranar da mai ya ƙare ta miƙe.

Siffar ma ba ɗaya ba ce. Wanda aka fi sani, irin na Fijo, hannu ne na waya da 'yar kwalba a bakinsa tana yawo a kan mai. Na Marsandi bututun alminiyam ne dogo, a tsaye. A cikinsa akwai sanda a tsakiya, fulot yana hawa da sauka a jikinta, yana gogar wayoyi biyu sirara ƙwarai da suka taso daga sama har ƙasa. In fulot na sama, hanyar da wuta za ta bi gajeriya ce. In ya sauka, hanyar ta yi tsawo, turjiya ta ƙaru. Can ƙasa kuma akwai inda yake taɓawa ya kunna fitilar rizab. To tunda taka allurar tana kafewa a kwata kuma fitila ba ta kamawa, ni zargina fulot ɗin ne ba ya kaiwa ƙasa. Wani abu yana tare shi a hanya.

Abban Hanif:
Na gode ƙwarai. Usta, na yi yadda ka ce. Fis lafiya. Na kunna fitilu, allurai ba su motsa ba. Na zare soket, ta faɗi. Na haɗa waya, ta tashi har ƙarshe. Ke nan fulot ne. Yanzu da me ake kwance shi? Kan nasa ƙato ne, duk sifanun da nake da su ba wanda ya kama.

Baba Direba:
Lamba 46 ne. Ba kowane gareji ke da ita ba, nemi aro wurin masu gyaran manyan motoci. Na ga masu sa kurfi da guduma suna bugunsa, kada ka yi. Ƙarfe a kan ƙarfe a bakin tankin fetur, tartsatsi ɗaya ya isa.

Hajiyar Kaduna:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in sa baki, don a gidanmu akwai 280E kuma a gabana aka yi mata wannan aikin. Abban Hanif, ka tuna ramin nan a cikin mota yake, inda yara ke zama. Ka fitar da motar fili, ba cikin gareji ba, ka buɗe ƙofofi huɗu. Cire kan batir na negatif kafin komai. Janareto, murhun gawayi, mai shan sigari, duk a yi nesa da su. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa ya tarar da wutar da kake ganin ta yi nisa. Kuma ka shimfiɗa leda da tsummoki a kan kanta da kujera. Mu ba a shimfiɗa ba, sai da muka ɗauki tsawon lokaci muna shaƙar fetur a kujerar baya.

Sadik Turbo:
To ai sai ya zuƙe man duka da tiyo tukuna, in tanki babu komai babu haɗari.

Usta Riwaya:
A'a Sadik, wannan ita ce maganar da ke kashe masu walda. Tankin da babu mai a ciki cike yake da tururi gauraye da iska, shi ne ma mai fashewa. Abin da ake so kawai man ya yi ƙasa, kamar kwata, don kada ya yi ambaliya in an buɗe. Kuma a daina zuƙar fetur da baki, in ya sarƙe mutum ya shiga huhu sai asibiti.

Abban Hanif, in ka kwance, kada ka fizge shi. Bututun cike yake da mai, ta 'yan ƙananan huda yake tsiyaya. Ɗaga shi kaɗan ka riƙe, ka bari ya zube cikin tanki, ka ƙara ɗagawa. Sai ka karkata shi don kada ya daki gilashi. Da ya fito ka toshe ramin da tsumma mai tsabta.

Abban Hanif:
Jama'a ya fito, amma da ƙyar. Sai da na yi ta murɗa shi yana gogar wani abu. Ga hoto nan. Bututun ya lanƙwashe daga ƙasa, kuma gefe guda ya loɓa ciki kamar an matse shi. Na juya shi sama da ƙasa, ina jin fulot yana zamewa ya zo daidai loɓawar ya tsaya. Injiniya, maganarka ta fito. Abin da ban gane ba, me zai lanƙwasa ƙarfen da ke cikin tanki, motar da ba ta taɓa haɗari ba?

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Tun jiya nake bin zancen, hoton nan nake jira. Malam, tambaya guda: in ka buɗe murfin tanki a gidan mai bayan doguwar tafiya, kana jin ya ja iska, fuuu?

Abban Hanif:
Ƙwarai kuwa. Har yaran gidan mai suna yi mini dariya. Na ɗauka haka motar take.

Ɗan Damagaram:
To ga ɓarawonka nan. Ni 240D gare ni mai gazuwal, wato gas, abin da ya same ta ke nan. Tanki yana da bututun numfashi, ƙarami, yana sauka ƙarƙashin mota ta baya, da 'yar roba a bakinsa. Duk litar da famfo ya ja, dole iska ta shiga ta maye gurbinta. In bututun ya toshe, famfo na ja, iska ba ta shiga, sai tanki ya tsuke kamar ledar fiya wata in ana tsotsa. Bangon tanki ya matso, ya danne bututun fulot. A tawa zanzaro ne ya yi gini a bakin bututun, ya cika shi da laka tam, don motar ta daɗe a ajiye. In ka sa sabo ba ka buɗe numfashin nan ba, shi ma haka zai lanƙwashe, kuɗinka ya tafi a banza.

Injiniyan Jos:
Wallahi Ɗan Damagaram ya gama magana. Wannan ma ya bayyana wani abu: tankin da ya tsuke ba ya ɗaukar lita 65 ɗinsa cif. Kuma famfon 230E yana wahala in yana ja da ƙyar, ga shi man da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, don haka ƙarewar mai irin ta ranar Juma'a ba ta yi masa daɗi. Ka saurari kukansa in ka tayar.

Baba Direba:
Ikon Allah. Shekara da shekaru ina jin wannan fuuu ɗin a motoci, ban taɓa kawo komai ba. To amma ni ina ganin a gyara na asalin. A buɗe shi, a miƙe bututun, a wanke. Kayan Jamus na wancan zamani ba a samun irinsu. Motar da aka yi ta daga 1976 zuwa 1986, aka ƙera wajen miliyan 2.7, har gobe tana kan titi, ai ba da kayan banza aka haɗa ta ba.

Usta Riwaya:
Baba, da datti ne kawai da na bi bayanka. Ina buɗe su: akwai ɗan ƙaramin noti a gindi, ka kwance, ka zare bututun a hankali, ka goge wayoyin da auduga da man wanke kafireta, ka kankare wurin da ke kunna rizab. Musamman na gas, baƙin kitse ne ke taruwa a ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, aikin nan ya ƙaru a wurina. Ba mai cika tanki. Fulot yana wuni yana gogar wuri ɗaya a ƙasa, saman wayar kuma ya bushe ya yi gansakuka, ga raɓa na taruwa a tankin da rabinsa iska ce. Waɗannan duk suna wankuwa. Amma bututun da ya loɓa ba ya komawa daidai. Ko ka miƙe shi, fulot zai riƙa sarƙewa, yau ya yi gobe ya ƙi. Wayoyin kuma in ɗaya ta tsinke, ba ta kama dalma da daɗi, in ma ta kama tsawonta ya canza, awo ya canza.

Baba Direba:
To na ji. Ku yaran yanzu komai a canza. Amma kada ya yar da tsohon.

Abban Hanif:
Na shiga ƙarƙashi na samo bututun numfashin. Ɗan Damagaram, kamar kana wurin: laka ce busasshiya, har da gawar ƙwaro. Na cire robar na wanke, na zura siririyar waya, na busa da famfon keke har na ji iska na fita ta cikin tanki. Sannan na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na samo fulot na Beljiyam. Ga shi nan a hoto kusa da tsohon. Gobe in sha Allahu zan ɗaura.

Hajiyar Kaduna:
Dakata Abban Hanif. Ƙara duba hoton nan naka. Ka daidaita kawunansu, ka kalli gindin. Wanda ka sayo ya ɗara naka tsawo. Ina jin na tanki mai lita 80 ne irin na motarmu, taka kuwa mai 65 ce. Kai ɗaya ne, zare ɗaya ne, soket ɗaya ne, shi ya sa ake ruɗewa. Akwai lamba a kan kowanne, ka gwada su.

Abban Hanif:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Lambobin sun bambanta. Na ɗauka lanƙwasar ce ta sa nawa ya gajarta. Na koma, mai shagon bai yi gardama ba, ya shiga ciki ya fito da guda biyu masu lamba irin tawa.

Injiniyan Jos:
Kafin ka zaɓa, auna su a nan shagon. Sa mitar awon lantarki a kan ohm, tsinke ɗaya a ƙafar geji, ɗaya a ƙafar bodi. Riƙe shi a tsaye yadda yake zama a tanki, fulot na ƙasa, ka ga lamba babba. Sai ka juya shi a hankali har ya koma kai ƙasa. Lambar ta riƙa sauka sannu sannu har kusan sifili. In ta yi tsalle, ko ta ɓace ta dawo a tsakiya, ajiye shi. Sannan ka mayar da tsinken kan ƙafar rizab: a tsaye mita ta yi ƙara, in ka juya ta yi shiru. Wanda kuma ya sayi sabo dal a kwali, ya duba jikin bututun, sukan sa ɗan fil da ke riƙe fulot don kada ya yi ta bugawa a hanya. In ba a zare shi ba allura ba za ta taɓa motsi ba.

Sadik Turbo:
Wajen ɗaurawa ka shafa masa gam ɗin gasket mai kyau a zaren, ba zai taɓa yoyo ba.

Usta Riwaya:
Sadik, yau dai ka tashi da ƙafar hagu. Gam ɗin silikon ba ya jure fetur. Kumbura yake yi ya saki, ya faɗa tanki, ya je ya toshe rariyar da ke gindin tanki, daga nan mota ta fara shaƙewa a kan gudu. Zoben roba ne ke riƙe wurin, a sa sabo mai jure mai, shi ke nan. A fara ɗaura zaren da hannu, sai ya zauna sannan a ɗan ƙara da sifana. Ba ƙarfi yake so ba.

Ɗan Damagaram:
Kafin ka zura shi, sa sanda mai tsabta ta ramin ka lalubi bangon tankin, ka tabbata hanya a buɗe take har ƙasa. In sabon ya shiga yana goga, tsaya. Wasu suna kai wa mai faci ya hura tankin da babban injin iska don ya koma. Ni ban yarda da wannan ba, tsohon tanki yana iya buɗewa ta wajen ɗinki.

Abban Hanif:
Alhamdu lillahi. Cikin biyun ɗaya lambarsa na tsalle a tsakiya, na ɗauki ɗayan. Ya shiga salin alin bai taɓa komai ba, da alama tankin ya ɗan saki da ya sami iska. Sabuwar roba, ba gam. Da na mayar da batir na kunna makulli allura ba ta tashi nan take ba, gabana ya faɗi, ashe bututun ne ke cika a hankali. Ta hau ta tsaya ƙasa da kwata kaɗan. Na yi ta yawo cikin gari da jarka a but har fitilar rizab ta kama, abin da na manta rabon da in gani. Na shiga gidan mai, na buɗe murfi, shiru, ba fuuu. Na ce a cika. Ta sha lita 54 da 'yan kai, allura ta kai ƙarshe.

Injiniyan Jos:
Lissafi ya yi. Rizab ɗin mai lita 65 wajen lita tara ne, ka ga abin da ya rage na tsukewar bai taka kara ya karya ba. Nan da kwana biyu ka ɗaga ma'ajiyar ka shinshina, ka shafa yatsa a gefen robar, musamman yanzu da tanki ke cike.

Baba Direba:
Lita 54 a tashi ɗaya! Ɗana, ashe da mai kuɗi muke hira ba mu sani ba. Tsohon fulot ɗin fa, yana nan? Wayoyin cikinsa lafiyarsu ƙalau, ni kuma ina da bututu mai kyau wanda wayarsa ta tsinke. In za ka shigo Zariya ka taho mini da shi, Usta ya haɗa mana su.

Usta Riwaya:
Kawo su Baba. Amma in na motar lita 80 ne bututun naka, kada ka wahalar da yaron nan, duba lambar tukuna.